Shekarar da Aka Cike Tafkin Majema

Malam Haruna ɗan Idi, majemi. Allah ya jiƙansa.

Yau kwana tara ke nan hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa. Da la'asar sai gari ya yi baƙi, iska ta kwanta, zufa ta riƙa bin bayan mutum kamar tururuwa, kowa ya fito da roba da bokiti ya jera ƙarƙashin indararo. Kafin magariba sai sama ta washe kamar ba ita ba. Jiya ina zaune bakin ƙofa nan Damagaram, ina kallon layin bido, jarkokin ɗiban ruwa, a pampon unguwa, sai na ji warin laka da bagaruwa ya buso mini. Rabi ta ce babu laka a nan, sai duwatsu. Na ce na sani, daga cikin kaina warin yake fitowa. Shi ne na ce ta ɗauko takarda da bik ta rubuta.

Rabi autata ce, tana koyarwa a lakwal, makarantar boko, ita ke rubuta wannan. Ni Aisa ban san baƙi ba, sai ɗan abin da nake salla da shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam, kuma akwai maganar da ban taɓa faɗa wa ƴaƴana dalla-dalla ba. Ina so in sauke ta tun bakina yana motsi.

Garinmu ba shi da nisa da nan, amma ba zan kama sunansa ba, don waɗanda ke cikin maganar ƴaƴansu suna da rai, muna gaisawa. Mu majema a gefen gari muke, kudu da kasuwa, kamar yadda ake ajiye majema ko'ina saboda wari. Abin da ya zaunar da kakannin Malam a wurin tafki ne, da rijiyar da ke bakinsa. Tafkin yana cika da damina, ya riƙe ruwa har tsakiyar rani. In ya ƙafe, rijiyar ta ci gaba da tsattsafo da abin da ya shanye. Jima ruwa ce. A jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a wanke, a sa ta a ruwan kashin tantabara ta yi laushi, a sake wankewa, sannan ta kwana biyu a ruwan bagaruwa. Mu mata mu ke dakan bagaruwar. Hannuna har yau in na shinshina sai in ga kamar tana nan.

Bazarar shekarar da nake magana ta yi tsanani. Tafkin ya tsage kamar ƙafar mai faso, har akuya tana tsallake tsagar. Da an idar da sallar asuba muke bakin rijiya, mu zura guga mu jira, mu ji ta taɓa ƙasa da ƙarar yashi, mu jawo rabi ruwa rabi taɓo. Tulu ɗaya sai hantsi. A ajiye ya kwanta, na sama a sha, na tsakiya a yi tuwo, na ƙasa a kai wa maza majema. Ruwan da aka wanke gero da shi ba a zubarwa, tumaki ke sha. Da azahar bango yana huci kamar tanda, ba ka iya jingina. Muna jiƙa zani ɗaya da ruwan alwala mu lulluɓe yaran da ƙuraje suka feso wa. Amma duk da haka ba mu taɓa sayen ruwa ba. Mutanen cikin gari da ke toshe hanci in sun wuce mu, a wannan lokacin su ma wurinmu suke aiko garuwa.

A cikin wannan zafin ne aka ce za a yi zaɓen da ba a taɓa yi ba. Gari zai samu meri tasa, wato hukumar gari, da magajin gari, da konseye da mutane za su zaɓa da hannunsu, su ne za su riƙa yanke maganar kasuwa da fili da ruwa. Tare da labarin sai wani ya biyo, cewa manyan gari suna so in an kafa meri a yanka gefen kudu a yi loti, filayen gidaje na sayarwa, a cike tafki, a tura majema can daji. Mazan unguwa suka taru ƙarƙashin tsamiya suka ce lalle sai an samu bakinmu a ciki. Ba a yi gardama ba, kowa ya nuna Malam. Ba mai dukiya ba ne, amma in ya tsaya magana ba ya rawar murya, ko gaban sarki ne, kuma ya san tarihin tafkin tun daga wanda ya fara haƙa rijiyar.

Mai tsara takardun jam'iyyar da muka bi wani malamin lakwal ne, Mushe Lawali (haka muke kiran malaman lakwal, Mushe), siriri, kullum da bik a kunne. Shi ya jera sunayen waɗanda za su tsaya. Ya sa Malam na biyu, saboda yawan ƙuri'ar unguwarmu. Ya kuma sa Baffa Kyari na biyar, don albarkar sunansa, tsohon ɗan kasuwar hatsi ne da kowa ke ganin girmansa. Baffa Kyari ƙanin mahaifina ne. Ina da shekara shida mahaifina ya rasu, shi ya ɗauke ni, shi ya aurar da ni, shi ya karɓi gaisuwar Malam. Wato surukinsa ne.

Ni ban san da wannan jerin ba sai a bakin rijiya. Gambo maƙwabciyata, mai bakin da ba ya kwana da magana, tana jan guga ta ce, “A ba matar konseye hanya. Aisa, ashe abin naku ya kai haka? An ce an rubuta mijinki sama, baffanki ƙasa. Gobe kuma sai tsohon ya zo ya durƙusa ya gaishe ku.” Mata suka kwashe da dariya. Wasa take yi, na sani, tun muna amare muke haka da ita. Amma na ɗauki tuluna bai cika ba na tafi gida, fuskata tana zafi fiye da rana.

Da azahar na kai wa Malam fura a majema. Yana duƙe kan gungume yana kankare fatar akuya, zufa tana ɗiga daga gemunsa. Na tsuguna na tambaye shi ko gaskiya ne sunansa yana gaban na Baffa. Ya ce haka Mushe ya tsara. Na ce mutumin da yake cire wa takalmi tun daga bakin zaure, wanda bai taɓa haɗa ido da shi ba shekara ashirin da biyar, shi ne yau zai shiga gabansa a takardar da za a liƙa kowa ya gani?

Ya ajiye wuƙar ya ce, “Aisa, wannan ba tabarmar ɗaurin aure ba ce. Mushe ya ce kamar dami ne a rumbu, na sama ake fara cirowa. In kujerun da muka samu ba su da yawa, na ƙasa ba ya shiga.”

Na ce in an ci ai duka aka ci, wa ya taɓa jin an kira gayya an ce rabi su ci tuwo rabi su tashi? Na ce ko ma dai yaya ne, ni ba zan iya shiga gidan Baffa da wannan kunyar ba, maraya ce ni, ba ni da wani uba. Ya ce in yi haƙuri in yi tunanin tafki. Na ce tafki ba ya gudu, amma mutunci in ya zube ba a kwasarsa. Haka na faɗa, har ina jin daɗin yadda maganar ta fito.

Kwana uku ban ce masa komai ba bayan gaisuwa. In ajiye tuwo in juya. Ban yi yaji ba, ban ɗaga murya ba, shiru kawai na yi, kuma na san shirun ya fi masa ciwo. A rana ta huɗu ya wanke hannunsa da toka har sau uku, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tafi wurin Mushe. Suka dawo tare. Mushe ya tsaya a zaure ya ɗaga murya don in ji daga ciki. Ya ce shi yana sa ran kujera shida ko bakwai, in haka ne babu asara, amma ƙuri'a kamar damina ce, ba a rantsuwa a kanta. Ya ce gobe takardar za ta tafi Damagaram, in aka buga mata hatimi ko shi ba ya iya taɓa ta.

“Uwargida, kin ji dai?”

Ina bayan zana na ce, “Na ji, Mushe. A bar wa babba girmansa.”

Aka mayar da Baffa na biyu, Malam ya koma na biyar. Abin da ban yi ba shi ne ban je na tambayi Baffa ba. Kunya ba ta bar ni ba. Da labari ya kai masa cewa surukinsa ya ja baya ya ba shi wuri, sai ya ce Allah ya yi masa albarka, yaron kirki ne. Shi a ganinsa ladabi ne kawai, irin na ba babba inuwa.

Bayan kwana goma ruwa ya sauka. Ba zan manta ba, da hantsi ne, abin da ba a saba ba. Iska ta fara kwashe zana biyu a gidan Gambo, sannan ya zubo kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita tsirara. Kafin la'asar ruwan duk gari ya gangaro ta lungunanmu, ja wur, ɗauke da kara da kashin jaki, ya shiga tafki. Washegari kwaɗi suka cika duniya da kuka, ka rasa inda suka ɓuya duk bazara. Kowa ya ɗauki sungumi. Malam yana gaba yana sara, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige, ƙasar tana da sanyi tsakanin yatsun ƙafa. Muka shuka gero, muka bi da wake.

Neman ƙuri'a ya faɗo daidai noman farko, ba mai lokacin zama taro. Malam sai ya riƙa bin mutane gona. Ya karɓi hauyar mai gona ya nome masa kunya biyu uku yana magana, sannan ya wuce ta gaba. Ni da Gambo muka bi gidaje da takardar zaɓe mai alamar jam'iyyarmu, muna nuna wa mata, muna cewa wannan ita ce ta Malam, ita za ku sa a ambulan, sauran ku yar. Har tsofaffin da ba sa fita muka ce za a kawo musu amalanke. Ba wadda muka ce wa ta Baffa ce, ko ta wani. Ta Malam muka ce, ta tafki.

Ranar zaɓe an kwana ana yayyafi. Muka yi layi a filin lakwal, mata gefe maza gefe, laka har idon sawu, kowa da katinsa ƙulle a bakin zani cikin leda. Na shiga bayan labule, na duba alamar sau uku kafin in naɗe. Aka tsoma mini yatsa a tawada. Sati biyu tana nan, ina dakan bagaruwa ina kallonta ina jin kamar lalle.

Kwana biyu bayan haka aka ce jam'iyyarmu ta fi kowace jam'iyya ƙuri'a. Gambo ta rangaɗa guɗa tun daga bakin lungu, mata suka cika tsakar gidana, wata har ta fara kiɗa ƙwarya. Muna cikin haka Mushe Lawali ya yi sallama. Ba bik a kunnensa. Malam ya fita zaure, ni kuma na matsa bayan zana. Mushe ya ce kujera huɗu muka samu. Ya lissafa su da yatsa, ya kira na ɗaya, ya kira Baffa, ya kira na uku da na huɗu, ya tsaya. Babban yatsansa ya rage a miƙe.

Ban san lokacin da na ce, “Malam fa?”

“Na biyar ne, uwargida.”

“To ai shi ke bi.”

“Shi ke bi. Amma an rufe ƙofa.”

Malam ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya raka shi. Ya dawo ya wuce ta tsakiyar matan nan, ya cire rigar Juma'a ya rataye, ya tafi majema. Ƙwaryar ta yi shiru. Gambo ta kalle ni ta sunkuyar da kai, don ta tuna abin da ta faɗa a bakin rijiya. Da Baffa ya fahimci abin da ya faru ya aika a gaya wa Mushe shi ya sauka, a ba yaron. Mushe ya ce ko ya sauka ba Malam zai hau ba, akwai wanda aka rubuta a matsayin mataimakinsa, wani mai shagon cikin gari. Sai aka ce gara Baffa ya zauna, ko ba komai namu ne.

Daga nan damina ta juya mana baya. Gero ya yi ciki, ya fara fitar da kai, sai ruwa ya ɗauke. Kwana ashirin, kwana talatin. Ganye ya naɗe kamar tabarma. Aka fita roƙon ruwa sau biyu, mu tsofaffin mata muka daka gumba muka raba wa yara sadaka. Abin da ya zo ba ruwa ba ne, fara ce. Da rana tsaka muka ga gabas ta yi ja-ja, muka ce hadari, har wasu suka fara hamdala. Ƙarar cinta a gona kamar wuta a busasshen kara. Muka kaɗa kwanoni, muka yi hayaƙi, muka yi ihu har murya ta dushe. Gonar da muke ɗaure dami arba'in, bakwai muka kai gida, su ma kai ne ba ƙwaya.

Kafin sanyi ya wuce rumbu ya nuna gindinsa. Muka koma ci sau ɗaya, da la'asar, don yara su samu barci. Tuwo ya zama kunu, kunu ya zama ruwan dusa. Muka shiga daji ni da Gambo muna tsinkar anza. Wanda bai ci anza ba bai san ɗaci ba. Sai an jiƙa ta kwana uku ana sauya ruwa kafin ta ciwu, kuma ruwan ma ga yadda yake, don tafkin rabi ya cika a shekarar, tun kaka ya fara ja da baya. Muka ci tafasa busasshiya, muka ci garin rogon da fataken Kano ke kawowa, wanda ke kumbura a ciki ya yaudare ka zuwa hantsi. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kawai. In ka tashi tsaye sai duniya ta yi duhu, kunne ya riƙa ƙara, ka ji haushin kowa ba dalili.

Abin takaici, ba a taɓa samun fata kamar shekarar ba. Makiyaya suna yanka dabbobinsu kafin su faɗi, fata tana zuwa jaki-jaki, kusan kyauta. Sirara ce, ta dabbar da ta rame, amma da akwai ruwa da ta ciyar da unguwa. Malam yana zaɓar goma ya bar hamsin, sauran suna bushewa a rana suna ƙamewa kamar faranti.

Da bazara ta sake zagayowa aka ce an kawo gero mai sauƙin kuɗi, za a sayar a harabar meri, tiya biyu kowane gida. Tun da sassafe na je na kama layi. A ranar ce kuma konseye suke zama kan maganar gefen kudu. Ɗakin zaman yana kallon harabar, tagoginsa a buɗe saboda zafi. Daga inda nake tsaye da ƙwaryata ina hangen Baffa a kujerar gaba, da rawaninsa fari, ya dogara da sanda. Ina kuma ganin Malam a waje, jikin taga, da mazan majema su shida a bayansa. An ce kowa yana iya zuwa ya saurara, amma wanda ba konseye ba ba ya magana. Kwana uku kafin nan Malam ya je ya tsuguna gaban Baffa, kansa a ƙasa, ya jera masa abin da zai faɗa: cewa tafkin shi ke shanye ruwan gari in an yi mamako, shi ke ciyar da rijiya, kuma gida talatin ke ci daga gare shi. Baffa ya ce ya riƙe.

Ina jin muryoyi suna tashi suna sauka, wani lokaci da faransanci, wani lokaci da Hausa. Masu son loti ba mugaye ba ne, su ma da hujjarsu. Suka ce meri sabuwa ce ba ta da komai, ga yunwa, in an yanka fili an sayar za a samu abin sayo hatsi da gyaran kasuwa, ga sauro, ga wari. Duk mai son magana sai ya ɗaga hannu a ba shi. Baffa bai ɗaga ba. Na ga Malam ya kama ƙarfen taga da hannu biyu. Na ga bakinsa yana motsi shi kaɗai. Layi yana matsawa, ana ture ni ta baya, ni idona yana kan rawanin nan, ina cewa a zuci yanzu zai tashi, yanzu zai tashi. Sai na ga hannuwa sun tashi gaba ɗaya, an ƙidaya, an sauke. Kujeru suka yi ƙara. An gama.

Malam ya saki tagar. Ya juyo, idonsa ya faɗa kaina cikin layi. Bai ɗaure fuska ba, bai girgiza kai ba. Ya dube ni kamar yadda ake duban wanda aka tarar a gidan makoki, ya wuce. Na karɓi tiyata biyu, ban san yadda na kai gida ba.

Da la'asar Baffa ya zo gidanmu da ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba tun da ya aurar da ni. Malam ya fice ta baya don kunya. Na shimfiɗa masa buzu, na tsuguna nesa. Ya zauna, ya ce shi tun da ya girma bai taɓa roƙon a ba shi magana a taro ba. Yara suna gama nasu, sai a juyo a ce, Baffa, me ka gani? Shi ke rufewa. Ya ce yana zaune da maganar surukinsa a bakinsa, tsaf, yana jira a juyo.

“Ba wanda ya juyo, ƴata. Ɗaga hannu kamar ɗan lakwal, da furfurata? Ina jira sai na ga an tashi.”

Ya share ido da bakin rawani. Ya ce wai wa ma ya ce a sa shi gaban yaron nan? Shi da aka bar shi a ƙasa da ya fi masa, ko a takarda ko a kabari. Na ce ni ce, Baffa. Ya dube ni ya daɗe.

“Da kin tambaye ni.”

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya nemi sandarsa.

Kafin ruwa ya sauka aka zo aka kafa duwatsun loti, masu farin fenti. Kamiyo, babbar mota, ya riƙa zuwa yana juye ƙasa da shara a cikin tafki. Busasshe ne lokacin, ko kwaɗo bai yi kuka ba. Rijiyar ta faɗa cikin filin wani, ya zagaye ta da katanga. Mutumin kirki ne, ya bar ƙofa a buɗe shekara biyu muna ɗiba, har ta ƙafe don kanta, tunda abin da ke shayar da ita ya tafi. An ba majema wani fili can arewa kan tudu, ba ruwa sai an saya. Mutum uku suka gwada suka bari.

Ranar da kamiyo na farko ya juye ƙasa, Malam ya shigo ya zauna bakin ɗaki ya ce in ba shi ruwa. Na kawo, na kasa miƙa masa, kuka ya ci ƙarfina. Na ce ni na jawo, ni na kashe tafki, ya faɗa mini ko na ji sanyi. Ya karɓi kwanon ya sha, ya ce, “Ke kika faɗa, Aisa, amma ni na sa riga na tafi. Kuma wa ya sani, ko da na shiga su rinjaye ni.” Bai sake ta da maganar ba har ya koma ga Allah. Wannan “wa ya sani” ita nake juyawa shekara da shekaru. Wataƙila da sun rinjaye shi. Amma da an ji. Da wani ya tsaya a ɗakin nan ya kira sunan wanda ya haƙa rijiyar.

Damina biyu bayan haka muka taso Damagaram. Mai majemar kansa ya koma yi wa wani aiki, yana kankare fatar da ba tasa ba, har ƙirjinsa ya gaza. Gambo ta bi ɗanta Kano, can ta rasu. Baffa bai sake zuwa zaman meri ba, bai kuma ga ƙarshen wa'adinsa ba.

Yanzu abubuwa sun sake. Ƙawayen Rabi na ji su suna faɗa kan wa za a sa ta ɗaya wa za a sa ta biyu, ba mai ja wa wata baya, sun san lissafin da ni ban sani ba. Kwanakin nan ma an ce babu konseye, wakili ake naɗawa, sai ranar da Allah ya sa aka sake zaɓe. A garinmu gidajen siminti ne a kan tafki, masu kyau. Sai dai duk shekarar da aka yi ruwa mai yawa, an ce yana gangarowa ta lungunan nan kamar da, ja wur, ya zo inda ya saba, ya shiga ɗakunan mutane ya kwana.

Takardar jerin sunayen da aka liƙa a ƙofar jam'iyya, Malam ya ɓamɓaro ta bayan zaɓe ya kawo gida. A ƙasan adakata take, cikin tsohon ɗankwali. Ban iya karanta ta ba, amma na iya ƙidaya. In sa yatsa a sama in sauko, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai in tsaya a kan nasa. Wurin har ya yi baƙi.

Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, yau ma ba zan fara ba. Amma Rabi ta san sunan ubanta. Na ce ta koma can farkon takardar nan, kafin maganar hadari, kafin sunana, kafin na Baffa, ta rubuta shi cikakke, har da sana'arsa. Ta rubuta. Ta kama yatsana ta ɗora a kai. Na lallaba sama da shi a hankali, na tambaye ta ko akwai sunan wani a wurin. Ta ce babu kowa, Inna, shi ne na ɗaya.